Matan Meksiko Goma Da Likitocin Los Anjalis

A can yammacin ƙasar Amurka, daidai bakin babban tekun nan da a ke kira Fasifik, akwai wata jiha mai yawan arziki, sunanta Kalifoniya. Birnin da ya fi kowane yawan jama'a a cikinta shi ne Los Anjalis. Sunan nan ba Ingilishi ba ne, Sifaniyanci ne, gama dā ƙasar duk tana cikin mulkin Meksiko. Sai cikin 1848, bayan an gwabza yaƙi, Meksiko ta sallama ta ga Amurka. Tun daga sa'an nan mutanen Meksiko suka zama baƙi a ƙasar da kakanninsu suka raɗa wa garuruwanta suna.

Duk da haka ba su fasa ƙetarowa ba. Da tawaye ya tashi a Meksiko cikin 1910, ƙasa ta yamutse, sai mutane suka yi ta kwararowa arewa neman abin sa wa baka. Masu gonakin lemo da na inabi, da masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, suka karɓe su hannu biyu-biyu, don suna aiki tuƙuru, ladansu kuwa kaɗan ne. Amma ƙaunar ta ƙwadago ce kurum. Da kasuwa ta faɗi a duniya cikin 1929, aiki ya yi wuya, sai aka shiga tattara su ana zubawa a jirgin ƙasa ana mai da su Meksiko, mutum dubu ɗaruruwa, har da 'ya'yansu da aka haifa a Amurka, waɗanda bisa doka 'yan ƙasa ne. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari, cikin 1942 aka sake kiransu aikin gona, aka yi ta ɗaukarsu da yarjejeniya har 1964. Watau ana son hannuwansu, ba a son zamansu. Wanda ba a son zamansa kuwa, ina za a so haihuwarsa?

Galibin waɗanda suka zauna a Los Anjalis sun tare ne a unguwannin da ke gabas da birni. Maza suna leburanci, mata suna ɗinki a masana'antu, ko aikatau a gidajen masu hali. A Amurka magani da tsada ya ke. Matar mai hali in ta sami ciki tana da likitanta na kanta, ta san shi ya san ta, shi zai riƙa duba ta wata-wata har ran da za ta sauka, harshensu kuma ɗaya. Matar baƙo kuwa ba ta da wurin zuwa sai babban asibitin hukumar gunduma, wanda ke nan kusa da unguwanninsu. Asibitin nan ƙato ne na gaske, yana haɗe da makarantar likitoci ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, saboda haka yawancin masu karɓar haihuwa a cikinsa ƙananan likitoci ne masu koyon aiki. Mata dubbai ke haihuwa a can ko wace shekara. Wani lokaci ɗakuna su kan cika, a jera masu naƙuda bisa gadajen turawa a kan hanya. Mace ta zo kan gwiwa, ta tarad da fuskar da ba ta taɓa gani ba tana yi mata magana da harshen da ba ta ji, tafinta kuwa sai an dace. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, balle baƙuwar da ciwo ya rufe wa ido.

Ba za a ce asibitin ba ya aikin kirki ba. Shugaban sashen haihuwa na lokacin, Dakta Edward Quilligan, sanannen masani ne, yana cikin waɗanda suka yaɗa aiki da na'urar nan mai bin bugun zuciyar jariri tun yana ciki. An ceci rayuka masu yawa a wurin. Abin da ya ƙara wa labarin ɗaci ke nan, gama ba a hannun jahilai abin ya faru ba.

Tushen maganar yana can baya. Cikin 1909 Kalifoniya ta kafa wata doka, wadda ta ba shugabannin gidajen mahaukata da na masu raunin hankali iko su yi wa wanda ke hannunsu aikin da zai hana shi haihuwa har abada, ko ya yarda ko bai yarda ba. Masanan zamanin sun ɗauka talauci da dolanci da mugun hali duk gadonsu a ke yi, kamar yadda a ke gadon kama, wai in an hana masu mugun iri haihuwa sai jama'a ta gyaru. Jihohi fiye da 30 suka yi irin dokar nan, Kotun Ƙoli ta Amurka kuma ta halatta abin cikin 1927. A Kalifoniya kaɗai an yi wa mutum wajen 20,000 aikin, watau kusan sulusin dukan waɗanda aka yi wa a ƙasar. Masu binciken da suka tone takardun gidajen nan daga baya sun tarar, tsakanin 1920 da 1945, mace mai sunan Sifaniyanci ta fi sauran matan da ke tsare tare da ita haɗarin shiga ƙarƙashin wuƙar da kashi 59 cikin 100. Bayan yaƙi, da duniya ta ga inda irin wannan tunani ya kai Jamus, sai aikin ya ja da baya. Amma dokar tana nan cikin littafi ba a soke ba, raini kuma yana nan cikin zuciya.

Daga baya tsohon tunanin ya sake riga. Cikin 1968 wani malamin Jami'ar Stanford, Paul Ehrlich, ya buga littafi yana gargaɗi cewa mutane sun yi wa duniya yawa, yunwa na tafe. Littafin ya sami kasuwa ainun, likitoci matasa da yawa suka ɗauki maganarsa da zafi. Cikin 1970 gwamnatin tarayya ta yi dokar ba da kuɗi don tsarin iyali, kashegarin shekarar kuma aka yarda a biya kuɗin ɗaurin mahaifa daga asusun taimakon matalauta. Wannan a kan kansa ba laifi ba ne, gama akwai mata da yawa masu son hutu, da waɗanda wani cikin zai iya halaka su. Laifin yana wajen wa ya nema, wa kuma aka ɗora wa.

Aikin da a ke magana a kai shi ne wanda Hausawa ke kira ɗaurin mahaifa, ko juyin mahaifa. Akwai waɗansu hanyoyi biyu sirara, dama da hagu, waɗanda ƙwan mace ke bi ya isa mahaifa. Likita ya kan ƙulle su ya yanke, ko ya ƙone bakinsu. In an yi haka haihuwa ta ƙare, gyara kuwa da wuya ƙwarai. Amma dubi sunan. Abin da aka ɗaure ai ana kwance shi, abin da aka juya ana mai da shi yadda ya ke. Haka a Ingilishi, haka a Sifaniyanci, ɗauri a ke ce da shi. Kalmar nan ita kaɗai ta yaudari mata masu yawa.

Ga abin mamaki. Har zuwa 1969 asibitoci da yawa a Amurka suna bin wata ƙa'ida ta lissafi. In mace ta zo da kanta tana son a ɗaure mata mahaifa, sai a ninka shekarunta da yawan 'ya'yanta. In lissafin bai kai 120 ba, a ce ta koma gida. Mai shekara 30 sai tana da 'ya'ya 4, mai shekara 24 sai tana da 5. Ko bayan an soke ƙa'idar, asibitocin masu hali ba su daina ja wa matan rai ba, har waɗansu suka kai ƙara kotu kafin a yi musu. To, ga Baturiya 'yar ƙasa tana roƙo ana hana ta, ga baƙuwa a asibitin hukuma tana cewa a'a ana tura mata takarda.

Yadda abin ke gudana, bisa ga shaidar da aka bayar daga baya, shi ne haka. Mace ta daɗe tana naƙuda, haihuwa ta ƙi, an yanke shawara sai an tsaga ciki an ciro ɗan. A wannan lokaci, tana cikin magagin ciwo, wata ma an riga an yi mata allurar da ke gusar da hankali, sai a kawo mata takardu a ce ta sa hannu. Takardun da Ingilishi a ke rubuta su. Wata tana tsammani iznin tiyatar haihuwa ne ta ke bayarwa, ashe har da na ɗaurin mahaifa. Wata kuma ta san abin da a ke nema, ta ƙi, sai a yi ta dawo mata da maganar, wannan ya fita wancan ya shigo, har ta gaji.

Dolores Madrigal mutuniyar jihar Jalisco ce a Meksiko, ta zo Los Anjalis neman aiki. Cikin Oktoba 1973 ta shiga asibitin nan haihuwar ɗanta na biyu. Tun farko ta ce ba ta so a ɗaure mata mahaifa. Da naƙuda ta tsananta aka gaya mata wai in ta sake ɗaukar ciki mutuwa za ta yi, aka kuma gaya wa mijinta haka a wani ɗaki dabam. Aka tabbatar mata abin ana iya kwance shi in ta so. Ta sa hannu. Wata matar kuwa ɗan da aka ciro mata bai rayu ba, ba wanda ya gaya mata an yi mata wani aiki bayan wannan. Sai da ta komo bayan watanni tana neman maganin hutun haihuwa, sa'an nan aka ce mata ai ba ta bukatarsa. Mutumin da suka shekara da shekaru tare ya rabu da ita. Wata likita ne ya dube ta tana kwance ya ce 'ya'yanta sun yi yawa, ta zama kaya a wuyan gwamnati.

Ba baƙi kaɗai irin wannan ya samu a zamanin ba. Cikin 1973 a jihar Alabama aka ɗaure wa waɗansu 'yan mata baƙar fata biyu mahaifa, ya da ƙanwa, ɗaya shekararta 14 ɗaya 12. Uwarsu ba ta iya karatu ba. Aka miƙa mata takarda ta zana alamar X a gindinta, tana zaton allurar hutun haihuwa ce za a ci gaba da yi musu. Da maganar ta je kotu, alƙali Gerhard Gesell ya rubuta cikin 1974 cewa matalauta 100,000 zuwa 150,000 a ke yi wa aikin ko wace shekara da kuɗin gwamnati, kuma an tilasta wa waɗansunsu da barazanar yanke musu taimako. Bambancin kawai shi ne, uwar Alabama rashin karatu ya rufe mata takardar, matan Los Anjalis kuwa ko da sun iya karatu, ba da harshensu aka rubuta ba. Ga kuma tsoron kada a yi gardama da hukuma a kore su daga ƙasa.

Wanda ya tona asiri daga cikin gida ya fito. Wani ƙaramin likita ne mai koyon aiki a asibitin, Bernard Rosenfeld, ɗan Yahudawan da su ma ƙaura suka yi daga Turai. Ya ga abin da a ke yi, zuciyarsa ta ƙi ɗauka. Ya kai kuka ga manyansa, bai ga canji ba. Sai ya shiga tattara shaida a ɓoye daga takardun majiyyata, yana rubuta wasiƙu zuwa ga 'yan jarida da lauyoyi da ma'aikatun gwamnati. Cikin 1973 ya sa hannu a wani rahoto wanda ya nuna cikin shekara biyu rak, daga 1968 zuwa 1970, ɗaurin mahaifar da ba na larura ba ya ninka fiye da sau biyar a asibitin. Cikin Disamba 1974 jaridar Los Angeles Times ta buga labarin. Shi kuwa da wa'adin aikinsa ya cika, ba a sabunta masa ba.

Takardunsa suka faɗa hannun waɗansu lauyoyi biyu matasa, Antonia Hernández da Charles Nabarrete. Ita Antonia a Meksiko aka haife ta cikin 1948, tana yarinya iyayenta suka kawo ta Los Anjalis, a lokacin kuwa ba ta daɗe da gama karatun lauya ba. Ta ɗauki jerin sunaye ta shiga unguwannin gabas gida-gida tana sallama. Aikin nan ba shi da daɗi. Wata sai daga bakinta ta fara jin cewa ɗaurin ba ya kwantuwa. Wata ta sani, amma ta ɓoye wa mijinta, ta roƙe ta don Allah kada ta ta da maganar. Wata kuma ta yarda, amma wa'adin da doka ta yanke na kai ƙara ya riga ya wuce. A ƙarshe mata goma suka tsaya, waɗanda aka yi wa aikin tsakanin 1971 da 1974, yawancinsu haifaffun Meksiko. Wata ƙungiyar matan Meksiko mazauna Amurka, wadda Gloria Molina ke shugabanta, ta mara musu baya. Cikin Yuni 1975 aka shigar da ƙara a kotun tarayya. Tun da ya ke sunan Dolores ne a gaba cikin masu ƙara, na shugaban sashen kuma cikin waɗanda a ke ƙara, sai aka san shari'ar da sunan Madrigal da Quilligan.

Abu biyu suka nema: a gyara ƙa'idodi don na baya, a kuma biya su diyya. Na farkon ya samu tun wajen alƙalin da ya fara sauraron maganar, E. Avery Crary, wanda ya sa aka sake rubuta takardun yarda da Sifaniyanci mai sauƙi. Amma ya rasu kafin a zauna a kan diyya, sai shari'a ta koma hannun alƙali Jesse Curtis. Aka fara zama a ƙarshen Mayu 1978, aka yi mako biyu da 'yan kwanaki.

Cikin masu aikin asibitin mutum ɗaya ce ta tsaya ta ba da shaida a gefen matan, wata Karen Benker, wadda ta yi karatun likita a can. Ta ce ta ga likita ya riƙe allurar kashe zafi a gaban mai naƙuda yana ce mata in tana so sai ta sa hannu. Ta kuma ce ta ji shugaban sashen da kansa yana cewa matalautan gundumar suna haihuwa da yawa, sun zama nauyi ga jama'a. Shi ya musa wannan magana. Likitocin suka ce ba wanda suka tilasta wa, kuma abin da aka koya musu shi ne mahaifar da aka sha tsagawa tana iya fashewa a ciki na gaba. Yawancinsu ma suka ce ba su tuna matan ba, sai dai su faɗi yadda suka saba yi.

Lauyoyin matan suka kawo wani masanin al'adu, Carlos Vélez-Ibáñez, don ya bayyana girman hasarar. Ya ce matan nan daga ƙananan garuruwa suka fito, inda darajar mace da ta mijinta ke rataye da haihuwa, ya kuma nuna yadda abin ya ɓata auren yawancinsu. Ashe makami ya miƙa wa abokan shari'a bai sani ba.

Ran 30 ga Yuni 1978 alƙali Curtis ya yanke hukunci, ya ba likitoci gaskiya. Ya ce abin duk rashin fahimtar juna ne tsakanin masu jinya da likitoci. Ya ce lalle matan sun sha wahala, abin tausayi ne, amma al'adarsu ta son 'ya'ya da yawa ita ta ƙara tsananta abin. Tun da shi kansa masanin sai da ya kashe awoyi ɗaruruwa kafin ya gane wannan al'ada, yaya za a zargi likita mai aiki dare da rana don bai gane ba? Suka ɗaukaka ƙara, ba su yi nasara ba. Ko anini ba a ba su ba.

Shari'a saɓanin hankali. In an ce rashin fahimta ne, sai a tambaya, wa ya kamata ya tabbatar an fahimta? Likita yana tsaye da lafiyarsa, shi ya san abin da ke cikin takarda, shi ke da ikon kiran tafinta, shi ke da ikon ya ce a bari sai ta warke a yi maganar a natse. Ɗaurin mahaifa ba abin gaggawa ba ne kamar ciro ɗa. Ita kuwa tana kwance tsakanin rai da mutuwa. Batun al'ada kuma, ba sai an yi awoyi ɗaruruwa ana bincike ba kafin a san ba a yanke wa mace haihuwa sai da yardarta, ko ta wace ƙasa ce.

Sun faɗi a kotu, amma kukansu ya sauya doka. Aka wajabta takardar yarda da harsuna biyu, aka sa jiran awa 72 tsakanin sa hannu da aiki, aka ce a riƙa gaya wa mace a rubuce cewa in ta ƙi ba za a yanke mata wani taimako ba. A ƙarshen 1978 gwamnatin tarayya ta fito da ƙa'idodin da suka fi haka tsanani ga duk aikin da ita za ta biya: sai mace ta cika shekara 21, sai an jira kwana 30, sai an yi mata bayani da harshen da ta ke ji, kuma haram ne a karɓi yardarta tana naƙuda. Cikin 1979 Kalifoniya ta soke tsohuwar dokar 1909, bayan ta shekara 70.

Maganar jiran nan sai da ta raba kan mata. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma waɗansu ƙungiyoyin matan Turawa 'yan ƙasa sun ƙi goyon bayansa. Su da suka sha fama kafin a yarda a yi musu aikin, gani su ke wani sabon shinge ne a ke gitta musu. Matan Meksiko kuwa shingen nan shi ne garkuwarsu. Ko wane ɓangare gaskiyar abin da ya same shi ya ke faɗi. Gardamar ba ta mutu ba, gama daga baya likitoci da dama sun yi ta kukan cewa jiran kwana 30 ya kan hana matalauciyar da ke so da gaske, in takardarta ta ɓace ko ba a cika ta daidai ba.

Raini ga haihuwar baƙi bai tafi da shari'ar ba. Cikin 1986 aka yi dokar tarayya wadda ta hana asibiti korar mace mai naƙuda don ba ta da kuɗi. Amma cikin 1994 mutanen Kalifoniya suka jefa ƙuri'a suka amince da wata doka mai lamba 187, wadda za ta hana baƙin da ba su da takardar zama samun magani a asibitocin hukuma in ba na gaggawa ba, har da awon ciki. Kotun tarayya ce ta tare ta.

Neman gafara ya zo a makare. Cikin 2003 Gwamna Gray Davis ya nemi gafarar waɗanda aka yi wa aiki da dokar 1909. Cikin 2015 aka fito da wani fim a kan matan goma, inda waɗanda ke da rai cikinsu, sun zama kakanni, suka ba da labarinsu da bakinsu. 'Ya'yan waɗansu a lokacin ne suka fara jin abin da ya sami uwayensu. Cikin Agusta 2018 majalisar gundumar Los Anjalis ta nemi gafara a fili, ta amsa cewa mata fiye da 200 abin ya shafa a asibitinta tsakanin 1968 da 1974. Cikin 2021 jihar ta ware dala miliyan 7.5 don biyan waɗanda aka hana wa haihuwa a gidajen jiha da kurkukunta, amma matan asibitin nan ba su shiga ciki ba, wai asibitin na gunduma ne, ba na jiha ba. Cikin 2022 aka shimfiɗa wani babban faifan ƙarfe mai zanen furanni a harabar asibitin don tunawa da su. Wadda ta tsara shi, Phung Huynh, ita ma baƙuwa ce, tana jaririya iyayenta suka gudo da ita daga Biyetnam.

Dolores Madrigal ta rasu cikin Nuwamba 2024, tana da shekara 90.